Ƙullin Furen Tsoho Geng

Geng Suyun tana ja da baya da keken lantarkinta mai ƙafa uku, kwandunan gurasa suna turiri a bayansa, sai ta ji ƙwas! Ba ta waiwaya ba ta san abin da ta taka. A duk tsakar gidan abu ɗaya ne zai yi wannan ƙarar.

Tukunyar ta dare gida uku. Ƙasa ta zube a kan siminti, itacen furen nan na mahaifinta da ake kira mudan ya kwanta a gefe, saiwoyinsa a waje, farare masu kauri kamar ƙananan rogo. Biyu mafiya girma sun karye. A ƙarshen reshe mafi tsawo, ƙullin furen nan guda ɗaya tak yana nan daram, bai fi ƙwan tantabara ba.

Mahaifin nata kuwa, Tsoho Geng, yana bakin ƙofa a keken guragu, inda ta ajiye shi ya sha hantsi. A kan idonsa aka yi komai. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, maganarsa ta tafi, sai wani ɗan gurnani da ita kaɗai ke rarrabe na yunwa da na fitsari. Yau ko gurnanin bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro.

A ƙauyukanmu na gefen Heze, mudan ba abin ado ba ne kawai, shi ne sana'a, shi ne abin gori. Tsoho Geng ya yi shekara goma sha tara yana ɗibar garin wannan fure da ɗan buroshi yana shafa wa wancan, yana shuka irin da ya fito, ya jira shekara shida ya ga launi, ya yi tsaki ya tumɓuke. Da titi ya cinye gonarsa, ƙwaya ɗaya ya ɗauko ya sa a tukunya. Itacen bai taɓa yin fure ba sai bana da ya yi ƙulli, kuma babu wanda ya san launin da ke ciki, har shi mai abin. Saura mako uku ya buɗe. Likita kuwa tun watan jiya ya ce wa Suyun ta riƙa ba tsohon duk abin da ransa ke so, kuma ba sai an yi mata fassara ba.

Ta kira ƙaninta Haitao da ke tuƙin motar kaya a Shenzhen. Shi aka koya wa aikin. Gidan Geng ba sa koya wa 'ya mace, wai za ta kwashi sirri ta kai gidan miji. To ga shi mijin Suyun ya daɗe da mutuwa ta dawo gida, ita ce ke wanke wa tsohon jiki, magajin sirri kuma yana can yana dakon firji.

Kiran bidiyo ne, sai ta juya wayar ta nuna masa.

"Kai, Yaya! Me kika yi haka?"

"Na kira ka ne ka tambaye ni? Faɗa mini yadda ake yi."

"To... a samu wata tukunya. A zuba ƙasa."

"Na gode, malam. Da na yi niyyar zuba miya ne. Wace irin ƙasa? Zurfin nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai yashi a ciki. Ko toka ce? Yaya, ina ɗan sha biyar fa lokacin, ni dukan da na sha kawai nake tunawa. Baba ya gani?"

"Yana kallona yanzu haka."

Haitao ya ce ana yi masa oda a baya, zai sake kira. Bai sake ba.

Babu yadda ta iya, ta tsallaka gidan Kawu Shan, wanda shi da mahaifinta suka shekara arba'in suna kushe furen juna. Ya zo da silifa, yana tauna ragowar karin kumallonsa. Ya dubi itacen, ya dubi tsohon.

"Geng, tsohon banza, ashe abin da kake ɓoye mana ke nan? Na ɗauka zinariya ce."

Tsoho Geng bai ko ƙifta ba. Nan take wasan ya fita daga bakin Kawu Shan.

"Kawu, don girmanka ka dasa mini shi," in ji Suyun.

Ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe. "A'a, 'yar nan. Irin da ba a raɗa wa suna ba, baƙo ba ya taɓa shi. Gobe in wani abu mai kama da shi ya fito a gonata, a ce Shan ya saci guntun saiwa a aljihu ranar da Geng ba ya iya magana. Da bakina dai zan taimake ki. Hannu naki ne."

Haka aka yi. Ta jawo wata doguwar tukunya daga bayan ɗakin girki ta wanke. Ya ce ta jera fasassun guntayen tsohuwar a gindi don ruwa ya riƙa wucewa. Ta kwashe tsohuwar ƙasar da tafin hannu, ta haɗa da yashi. Ya sa ta yanke bakin saiwoyin da suka karye da wuƙa mai kaifi, ta barbaɗa musu tokar murhu, ta bar su a inuwa su sha iska. Bai bar ta ta huta ba.

"A hankali! Ba ƙullun gurasa kike murzawa ba. Ɗaga shi. Ya yi zurfi. Inda tsohuwar ƙasa ta tsaya a jikinsa, nan sabuwa za ta tsaya. Shekararki hamsin, 'yar gidan nan, ba ki taɓa leƙawa ba?"

"In na leƙa korata ake yi."

"To, ai ga abin da korar ta jawo."

Rana ta yi tsaka kafin itacen ya tsaya da ƙafarsa. Gurasar da za ta kai tashar mota ta huce a kwando, ko ta kanta ba ta bi ba. Ganyayen sun riga sun fara sunkuyawa. Duk da haka ta ɗan ji sanyi a ranta, har ta ce, "Ya tsira ke nan, Kawu?"

Ya ja ta gefe, wajen famfo, ya rage murya, ko da yake tsakar gidan ba ta da girman da za a yi sirri a cikinta.

"Da kaka ake taɓa saiwar mudan, kowa ya sani. Yanzu ƙarfinsa duk ya hau sama, ga manyan saiwoyi biyu sun tafi. Abin da ya rage ba zai ciyar da fure ya ciyar da uwa ba. In kin bar ƙullin, zai buɗe, ubanki ya gani, kafin zafi ya shigo itacen ya bushe, iri ya ƙare ke nan. In kin cire, zai iya rayuwa."

"Ya sake fure yaushe?"

"Shekara biyu. Ko uku."

Duka biyun suka dubi mai keken guragu, suka kawar da kai.

"Kai da kai ne fa, Kawu?"

"Ni? Ni manomi ne, cirewa zan yi. Amma ni ba ubana ba ne." Ya karkaɗe rigarsa da ba ta taɓa ƙasa ba, ya fita. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai jefa wa abokin gabarsa wata baƙar magana, sai kawai ya wuce.

Suyun ta turo keken har gaban tukunyar. Ta durƙusa, ta goge masa yawun da ke gefen baki.

"Baba, ka ji abin da ya ce. Ni na fasa, ka yi haƙuri. In a bar shi ka gani, ka ƙifta ido sau ɗaya. In a cire, sau biyu."

Ya ƙifta sau ɗaya. Kafin ta numfasa ya sake ƙiftawa, ya kuma ƙarawa, don hasken rana na dukan fuskarsa. Ta kare shi da jikinta ta sake tambaya. Wannan karon ya zuba wa itacen ido bai ƙifta ba sam. Haushi ya kama ta, irin wanda ba shi da inda za a sauke shi. Shekara hamsin yana da baki bai gaya mata komai a kan furen nan ba, yau da take roƙon kalma ɗaya babu ita.

Ta ɗauko almakashi ta riƙe. Ta ajiye. Ta ce bari dai ta fara ba shi ruwa, ta ɗauki bokiti ta tafi famfo, ta tsaya tana kallon ruwan har ya cika ya tumbatsa, don muddin tana nan ba sai ta yanke komai ba.

Da ta juyo, kan reshen babu komai. Hannun hagun tsohon, wanda shi kaɗai ke motsi, yana kan cinyarsa a dunƙule.

Ta saki bokitin ta zo ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ƙullin yana ciki da ɗan guntun kara. Hannun nan ba ya jin magana, ko cokali ya kama sai ya matse shi ya kasa saki. Ko shafawa ya kai hannu ya yi abin ya zo da tsautsayi, ko kuwa manomin ne ya yi abin da manomi ke yi, ba ta sani ba. Ta dubi fuskarsa ko za ta karanta, amma rabinta a mace take, ɗaya rabin kuma ya gaji.

"Baba, da gangan ka yi?"

Ya zuba wa ƙullin ido.

"To bari ka ga launin, ko yaya ne."

Ta sa farce ta ɓare koren ɓawon a hankali. Ta ɓare na ƙarƙashinsa. Tsohon ya sunkuyo da kai iyakar yadda wuyansa ya yarda, numfashinsa na sauka a kan hannunta. Ta ci gaba da ɓarewa har ta kai tsakiya, inda ƙananan ganyen furen suke a naɗe, a matse, da danshi.

Ba su riga sun yi launi ba. Fari-fari ne mai ɗan kore, kamar cikin kabeji.