Maɓallin Koma Baya

Injiniya ake ce masa a gida, kuma sunan ya shige masa kai fiye da kima. Aikinsa rubuta manhajar waya ne a wani ƙaramin kamfani mai tebura shida da fanka ɗaya mai ƙugi. Shi ya haɗa wa wani asibiti manhajar da marasa lafiya ke duba sakamakon gwajinsu, ya kuma bi 'yan gidansu ɗaya bayan ɗaya ya sa musu ita a waya, har da Inna, mahaifiyarsu, da ba ta roƙe shi ba.

Ranar Litinin da safe Auta, ƙanwarsa, ta tare shi a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi.

"Yaya, likita ya ga wani ƙari a ƙirjina. Ranar Alhamis sakamakon zai fito. Wayata ta lalace, a ta Inna zan duba." Ta rage murya. "Don Allah kada ta sani sai na san yadda zan faɗa mata, ka san hawan jininta. In na duba na fita daga shafina, ba wanda zai gani, ko?"

"Ba wanda zai gani," in ji shi, ko ido bai ƙifta ba.

Ƙarya ya yi, kuma ya san ƙarya ce. Sati uku ke nan da mai gwajin manhaja ta ofishinsu ta nuna masa matsalar: mutum ya fita daga shafinsa, wani ya ɗauki wayar ya danna maɓallin koma baya sau biyu, sai ga sakamakon na farkon ɓaro-ɓaro. Abin da zai ce wa Auta bai fi kalma biyar ba, wato ta rufe manhajar gaba ɗaya. Amma yaya za a yi Injiniya guda ya buɗe baki a gaban ƙanwarsa ya ce aikinsa na yoyo? Ya ce a ransa ai kafin Alhamis ya gyara.

Shi a wajensa ma laifin ba nasa ba ne. Sashen da ke kai mutum daga wannan shafi zuwa wancan ba shi ya rubuta ba, laburare ne na kyauta da wasu bayin Allah suka rubuta suka sake wa duniya, kowa ya ɗauka. A kansu ya ɗora komai. Ya sauke sabon laburaren, manhajar ta ƙi tashi. Ya koma tsohon, matsalar na nan daram. Ya goge, ya sake ɗorawa, ya kashe kwamfuta ya kunna, har shayinsa ya yi sanyi sau uku.

"Ka karanta takardar bayaninsu kuwa?" mai gwajin ta tambaye shi daga teburinta.

"Ni zan koma karatun 'yan koyo? Shekara shida ina wannan aikin, Malama."

Ta ɗage kafaɗa ta ci gaba da abin da ke gabanta. Shi kuwa ya shiga dandalin masu laburaren ya zazzaga musu ƙorafi mai zafi, wai sun saki kayan banza suna wasa da sirrin mutane. Ya aika, ya jingina da kujera yana huci, sai ka ce shi aka cuta. Talata ta wuce, Laraba ta bi ta. Sau biyu yana cin abinci kusa da Auta, maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta da lomar.

Amsa ta zo ranar Alhamis da hantsi. Wanda ke kula da laburaren ne ya rubuto, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya ce laburaren lafiya lau yake. Idan mutum ya fita, share tsoffin shafukan ake yi, ba ɗora sabo a kansu ba, kuma bayanin na shafi na huɗu na takardar, cikin jan akwati. Ya ƙara da yi masa fatan alheri.

Ashe gyaran layi ɗaya ne a rubutun manhajar. Wallahi layi ɗaya tal! Injiniya ya canza shi cikin abin da bai kai minti ba, ya danna baya sau goma, ba abin da ya fito. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. Sai dai gyaran ba zai isa wayoyin mutane ba sai an kwana biyu ana tantance shi. Ya ɗauki waya zai kira gida, ta riga shi yin ƙara.

"Injiniya, zo gida yanzu," in ji Inna, ta kashe.

A falo ya same su. Inna na zaune a gefen kujera da tabarau a karan hanci, wayar a tafin hannunta. Auta na tsaye jikin bango, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Ranar ganin likitana nake nema," in ji Inna. "Na danna baya, sai ga sunan yarinyar nan da jan rubutu. Na tambaye ta, ta ƙi magana."

Auta ba ta kalli uwar ba, shi ta kalla. "Yaya, ka san manhajar tana yin haka?"

Ya so ya ce laburare, ya so ya ce an gyara. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta juya fuskarta ga bango. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Inna ta miƙo masa wayar. "Kalmomin likitocin nan sun fi ƙarfina. Karanta min, kada ka tsallake ko ɗaya."

Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa a gabanta, ya fara daga sunan ƙanwarsa.