Borisin Ƙafar Baya

Tsohon bakaniken ya sake ɗora cizal a bakin borisin, ya buga masa guduma, ƙarfen ya yi ƙara amma bai motsa ba. Ƙwallayen da murfin waje sun fita tun jiya. Zoben ciki ne ya rage, tsatsa ta manne shi da shaf, sandar ƙarfen da ke juya ƙafar bayan motar, kamar tare aka ƙera su. Ya jiƙa shi da kananzir, ya gasa shi da wuta, duk a banza.

Motar tana gefe a kan jak, shuɗiya, mai faffaɗan goshi. Ta girmi dukkan 'ya'yansa, kuma an daɗe da daina ƙera kayanta. Sabon boris ya samu da ƙyar, amma shaf irin wannan babu shi ko a wurin 'yan gwangwan. In ya lalace, motar ta zama ɗakin kaji.

Hanya ɗaya ta rage, ya kuwa san ta sarai: a tsaga zoben da ƙaramin injin yankan ƙarfe, a tsaya kafin a taɓa shaf, sannan a fasa shi da cizal. Ya ɗauki injin ya kunna. Hannunsa na dama ya soma rawar nan da yake yi tun kwanakin baya, wadda yake ɓoye wa kowa a cikin aljihu. Ya kashe injin, ya ajiye.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki."

Mijin autarsa ne a bakin garejin, likitan haƙori, da farar riga tas.

"Wa alaikumus salam. A'a, Mai Haƙora! Matsa baya, kada baƙin mai ya ɓata maka ado, 'yata ta ce ni ne."

Surukin ya yi dariya, ya matso duk da haka, ya duƙa yana duban zoben.

"Ya ƙi fita ne?"

"Ya rantse sai dai mu mutu tare."

"Ina samun irinsu, Baba. Haƙorin da ya ƙi ciruwa, raba shi nake yi biyu."

"Wannan ƙarfe ne, yaro, ba turmin tsohuwa ba. Ka zarce da kaurin gashi ɗaya, ka kashe mini mota."

"Ni kuma in na zarce da kaurin gashi, mutum ne yake tsalle daga kujera ya kama mini wuya."

Tsohon ya dubi yatsun surukin, dogaye, marasa kanta, waɗanda ya sha yi musu tsiya a gaban jama'a. Ya dubi injin. Can ya ciro tsohuwar rigar aikinsa daga ƙusa, ya jefa masa.

"Sa wannan. Ga tabarau. A karkace za ka yanka, ba a miƙe ba. In na ce tsaya, ko numfashi kada ka yi."

Ya matse shaf ɗin a kan tebur, ya ɗauki fitila da hannun hagu yana haska masa. Tartsatsi ya tashi. Surukin yana taɓawa yana ɗagawa, a hankali, gwiwar hannunsa a kafe kan tebur, injin bai kauce ko kaɗan ba. Tsohon ya ƙura ido ga ƙasan tsagar har sai da launin ƙarfen ya soma juyawa zuwa shuɗi, alamar ya yi siriri.

"Tsaya!"

Injin ya yi shiru. Tsohon ya sa bakin cizal a cikin tsagar, ya riƙe da hagu, ya miƙa wa surukin gudumar.

"Bugu ɗaya. Ka tuna yatsuna ne a nan."

Ƙas! Zoben ya dare, ya sulluɓo da kansa, ya faɗi ƙasa yana juyi. Tsohon ya goge shaf ɗin da tsumma, ya bi shi da babban yatsa, ya juya shi a gaban fitila. Sumul, babu ko ƙwarzane.

"Sannu, an gama," in ji surukin cikin muryar da yake lallashin marasa lafiya. "Ka yi ƙoƙari, ko kuka ba ka yi ba."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ja'iri! Ashe an yi asarar bakanike a asibiti."

Suka zauna a kan benci suna wanke hannu a bokiti ɗaya. Surukin ya rage murya.

"Baba, hannun nan naka. Ina da aboki likitan jijiya. Yawanci akwai maganin da yake sassauta shi."

Tsohon bai ɗago ba. Ya ci gaba da cuɗa sabulu a tsakanin yatsunsa, ruwan bokitin yana kaɗawa.

"In motar ta sauka daga jak, a cikinta za mu je," ya ce daga bisani. "Kai za ka tuƙa. Amma kada matarka ta ji, za ta ɗaga wa gidan nan hankali."

"Baba," in ji surukin, yana miƙa masa tawul, "ai ita ta aiko ni."