Hoton da Babu Kai

Jami'o'i biyu ne suka haɗa gwiwa a kan binciken ƙiba da ciwon suga, amma duk wanda ke sashen ya san yadda aka yi rabon. Jami'ar can ta kawo na'urori da suna. Ta nan ta kawo mata masu jiki, da wadda za ta lallashe su su hau sikeli. Likita ce mai lallashin, kuma ba iya baki ne ya sa aka dace da ita ba. Ita ma mai jiki ce, ita ma kowace safiya sai ta huda yatsa ta duba sugarta. Mace za ta shigo ɗakin awo a ɗarare, tana jan mayafi tana rufe ciki, da ta ga Likita ta cika kujera sai ta saki ranta.

Mai Ɗinki ce ta fi ba ta wahala da farko. Mace ce mai baki, mai dariya har da buga cinya, amma ranar da aka ce ta ɗaga riga a zagaya ƙugunta da tef, tsalle ta yi ta dire.

"Anti Likita, ni nake auna mutane, ba a auna ni. Salon gobe in ga tumbina a bango ana nuna wa ɗalibai?"

Likita ta rufe ƙofa ta rantse mata, ta kuma rantse wa sauran matan: lamba za a rubuta, babu mai ɗaukar hoton kowa. A kan wannan rantsuwa suka zauna har aka gama binciken.

Ana gobe taron bayyana sakamako, aka yi gwaji a ƙaramin ɗakin taro. Farfesa, shugaban sashensu, yana zaune a kan gaba. Baƙon farfesan da ya zo daga ɗaya jami'ar yana tsaye gaban allon majigi. Ma'aikata Tsinke suke ce masa a bayan idonsa, kuma shi kansa yana ji da siririn jikin nan nasa kamar shi ya yi kansa. Shi zai yi jawabi. Likita, wadda ta san kowace mata da sunan 'ya'yanta, rimot aka miƙa mata ta riƙa sauya hotuna. Ta haɗiye wannan, don ba yau aka fara ba.

Ta latsa, hoton farko ya cika allon. Mace ce zaune a kan bencin da ke ƙofar ɗakin awo, an ɗauke ta ta gefe ba ta sani ba, an yanke kan daga wuya. Amma ga tef ɗin ɗinki a rataye a ƙirji, ga rigar nan mai manyan furanni ruwan ƙwai da kowa ya sani. Ko makaho ya laluba zai ce Mai Ɗinki ce.

"Ranka ya daɗe, wannan ba zai shiga ba," in ji Likita. "Na yi musu alkawari."

Tsinke ya yi murmushi irin na mai yi wa yaro bayani. "Ai na cire kan, Likita. Wa zai gane ta?"

"Ita za ta gane kanta. Mun gayyace su, gobe suna cikin zauren."

Ta ce a fara da jadawali kawai, ya ce lamba ba ta taɓa zuciya. Ta ce a ɗauko hoto daga intanet, ya ce waɗanda suka ɗauki nauyin aikin suna son su ga namu na gida. Ta juya wajen Farfesa tana neman ya sa baki, sai ta tarar goge gilashinsa yake yi, kamar a kan gilashin ake gardamar. Da ta ce za ta kai ƙara kwamitin da ke kare haƙƙin mahalarta, sai ya ɗago.

"Ki kai, 'yata, haƙƙinki ne. Sai dai ba za su zauna ba sai wata mai zuwa. Kada ki ɓata mana haɗin gwiwar da muka sha wuya kafin mu samu."

"Abu mai sauƙi ne," in ji Tsinke. "A samo min wata da ta yarda, sai in goge wannan."

Ya dubi Likita. Idonsa ya sauka daga fuskarta ya yi ƙasa, ya ɗan tsaya, ya dawo. Likita ta gane cewa babu wata mace mai jiki da za a samu kafin gobe wadda ba ta rantse mata ba, sai ita kanta.

"Ka goge shi a gabana," ta ce. "Daga kwamfuta da wayarka."

Ya goge, tana kallo. Ta shiga ɗakin awo ta cire farar rigar aikinta da zobenta da agogo, ta sa koriyar rigar da ake ba mata in za a auna su. Ta fito ta zauna a kan bencin. Tsinke ya tsuguna da waya a hannu, ya shiga ba ta umarni cikin fara'a, sai ka ce mai hoton biki.

"Juya gefe. Yawwa. Kada ki riƙe numfashi mana, Likita, saki cikin. Ƙara saki."

Ya leƙa ofis ya dawo da kwalbar lemo ya sa mata a hannu. Rabonta da lemo tun ranar da aka ce tana da suga, shekara da shekaru. Kullum sai ta yi tafiyar ƙafa kafin ta zo aiki, abincinta kuwa har 'ya'yanta na yi mata tsiya wai abincin tsuntsu ne. Jikin ne dai ya ƙi, kuma binciken da kansa ya nuna akwai mata da yawa irinta, in da Tsinke ya damu ya karanta wannan ɓangaren. Ta riƙe kwalbar. Sanyinta ya ratsa mata tafin hannu.

Washegari zauren ya cika da malaman jami'o'in biyu da ɗalibai da masu kyamara. Matan binciken suka zo cikin kwalliya, aka nuna musu kujerun baya. Mai Ɗinki ba ta san wannan tsarin ba. Ta ratso har gaba ta ja kujera kusa da teburin na'ura, ta zauna jikin Likita tana fifita da takardar shiri.

"Ni a nan zan zauna, kusa da tawa," ta ce.

Aka yi gaishe-gaishe, Farfesa ya yaba wa zumuncin jami'o'i har sai da mutane suka fara hamma. Tsinke ya karɓi lasifika ya ɗaga wa Likita gira. Ta latsa.

Ba ta taɓa ganin kanta da irin wannan girma ba. An yanke kan daga wuya, cikin ya cika bango, koriyar rigar ta ɗame, kwalbar tana ƙyalli.

"Jama'a, ga abokiyar gabarmu," in ji Tsinke. "Kun ga ko a ƙofar asibiti ba ta rabu da masoyinta ba."

Zauren ya kwashe da dariya. Likita ta ƙura wa rimot ɗin ido, tana gaya wa kanta cewa ta cika alkawari, minti ɗaya ne ya wuce. Sai ta ji an zungure ta da gwiwar hannu. Mai Ɗinki ce, hawayen dariya a idonta, tana buga cinya.

"Anti Likita, don Allah wace ce wannan? Ba cikinmu take ba, ko? Kai! Ni da nake kuka da nawa, ashe sarauniya ce ni. Mutum ya saki jiki haka, ga lemo kuma a hannu, ko kunya babu. Wallahi irinsu ne suke ja mana zagi."

Likita ta ɗora yatsa a kan maɓallin don ta wuce zuwa hoto na gaba. Tsinke ya hango ta daga kan dandamali, ya ɗaga hannu.

"A'a, Likita, kada ki yi sauri. Bar mana ita tukuna, su ƙare mata kallo."

Ta ɗauke yatsanta.