Hancin Ungozoma

Ranar Litinin da hantsi wata babbar mota ɗauke da rodi ta sha kwanar shataletalen kasuwa da gudu, ta tafi da hancin Ungozoma. Shekara hamsin mutum-mutumin tagullar yana tsaye a wurin, jaka a hannun dama, fitila a hagu, don tunawa da matar da ta karɓi haihuwar rabin garin. Yanzu sai rami a tsakiyar fuska. An nemi hancin har cikin kwata, amma masu tsintar ƙarfe sun riga kowa.

Mai Tagulla, tsohon maƙerin da hukumar birni ke kira duk lokacin da irin wannan ta faru, ya sauko daga tsani yana kaɗa kai. A ƙasa Injiniya ke jiransa, matashiyar da aka ɗora wa kula da kayan tarihin birnin.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," in ji ta. "Darakta ya daɗe yana son wurin nan don a kafa allon talla. Da ƙyar na samo kwana goma. In gyaran ya dace da na asali, ta zauna. In bai dace ba, sai sito."

Ya san siton. Wani fili ne a bayan garejin hukumar, inda mutum-mutumin sojan da babu kai da na dokin da ya rasa ƙafa suke kwance cikin ciyawa. Bai taɓa ganin wanda ya shiga can ya dawo ba.

"Akwai hoto?"

Ta miƙa masa guda ɗaya tak. Daga gaba aka ɗauka, daga nesa kuma, hancin bai fi ƙwayar shinkafa ba.

A maƙerarsa da ke bayan gida ya ɗumama kakin zuma, ya zauna. Idanunsa sun yi rauni, ya daɗe da barin dogara da su, don haka ya rufe su kamar yadda ya saba, ya bar wa yatsu aikin. Kwana biyu yana murzawa, yana ragewa, yana shafawa da babban yatsa, har ya ji abin ya zauna masa daidai a hannu. Ya lulluɓe kakin da yumɓu, ya bari ya bushe, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Ran kwana na tara ya liƙa hancin, ya goge bakin walda, ya shafa ruwan magani har sabon ya ɗauki koren tsohon. Ko shi sai ya laluba kafin ya gane mahaɗar.

Yana naɗe kayan aiki Mai Shara ta iso. Shekararta talatin tana share shataletalen, kuma aminiyar matarsa ce. Ta dubi fuskar daga gaba, ta gyaɗa kai. Ta zaga gefe, ta tsaya cak, sai ta jingina da tsintsiya tana dariya har da hawaye.

"Mai Tagulla, yaushe Uwar Biyu ta fara karɓar haihuwa ba mu sani ba?"

Ya koma gefen, ya ƙanƙance ido. Ga ɗan tudun nan a karan hanci, inda ƙofa ta buge matarsa Uwar Biyu shekarar da suka tare. Ya hau tsani ya shafa: ga 'yan ramuka biyu, dama da hagu, inda tabaranta ke zama. Kullum da safe shi ke ɗiga mata maganin ido, babban yatsansa a kan wannan karan hancin. Yatsun ba su san wani hanci ba.

Ya zaro magagari zai rage tudun. Ya ƙwanƙwasa wurin da farce, ya ji tagullar ba ta da kauri. Gogawa uku za ta huje. Sabon zubi kuwa kwana shida ne, shi kuma gobe da safe za a zo dubawa. Ya daɗe a kan tsanin da magagari a hannu. Ko da wurin yana da kauri, bai tabbata hannunsa zai yarda ba.

Labari ya riga shi gida. Ya tarar da Uwar Biyu a tsakar gida tana ninke wanki, ba ta ɗago ba.

"Malam, an ce na koma shataletale da zama."

"Wa ya ce?"

"Mai Shara, da mai kayan miya, da matar tela. Har autarka ta bugo waya tana tambaya ko za a biya ni kuɗin tsayuwa." Ta kakkaɓe zane da ƙarfi. "Shekara arba'in da ɗaya ko a ƙofar gida ba na tsayawa. Yau ka ɗauki hancina ka kai tsakiyar titi, kowane kwandasta yana ƙare masa kallo."

"Wallahi ban sani ba. Hannu ne."

"Hannun maƙwabci?"

Ya zauna a kan turmi, ya cire hula, ya gaya mata komai: kwana goman, allon tallan, siton da ciyawarsa. Ta daina ninkin.

"Innata ta ce kwana biyu ta yi tana naƙudata," in ji ta a hankali. "Ungozomar nan ba ta tashi daga gefenta ba ko don shan ruwa."

"Abin da nake roƙo, kada ki je wurin gobe. In suka gan ki, magana ta ƙare."

"Wa ya ce maka zan je? Ina da madubi a ɗaki."

Da safe Darakta ya zo da kansa, a bayansa ga motar ɗaga kaya ta tsaya, injinta na kunne, sarƙa na lilo. 'Yan kasuwa sun kewaye shataletalen, kowa ya san zancen, ba wanda ya ce uffan. Darakta ya dubi hoton, ya dubi fuskar, ya juya hoton, ya yi tsaki.

"Wannan ba ya nuna komai. A samo wanda ya san fuskar sosai."

Aka turo Mai Shara gaba. Mai Tagulla ya sunkuyar da kai.

"Iya, tsakaninki da Allah, hancin nan shi ne na da?"

"Ranka ya daɗe, ni mai shara ce. Shekara talatin daga ƙasa nake ganin matar nan. Ƙofofin hanci biyu na sani, yanzu ma na ƙirga, biyu ne."

Dariya ta ratsa taron, har Darakta ya murmusa. Amma Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta hau tsani da ma'auni, ta duba mahaɗar, ta shafa karan hancin, yatsanta ya tsaya. Ta sauko matakala biyu.

"Baba, waɗannan ramukan fa? Kamar gurbin tabarau. A hoton nan ba ta sa tabarau."

Darakta ya juyo. Direban motar ya taka mai, sarƙar ta yi ƙara. Mai Tagulla ya cire hula.

"Tana sawa mana, 'yata."

Muryar daga cikin taron ta fito. Wata dattijuwa ce, ta ja mayafi ta rufe fuska har ƙasan ido kamar mai gudun hayaƙin mota, tabarau a kan mayafin.

"In za a ɗauke ta hoto ne take cirewa, don kwalliya. Da wane ido kike so ta yanke cibiyar rabin gari?"

"Kin san ta ne, Mama?" in ji Darakta.

"A hannunta na faɗo duniya."

Garin nuna Ungozoma da hannu, mayafin ya zame. Ta yi wuf ta mayar, amma daga kan tsani Injiniya ta riga ta gani. Ta dubi dattijuwar, ta dubi tagullar, ta sake duban dattijuwar. Sannan ta dubi tsohon maƙerin da ke murza hula a hannu, zufa na bin wuyansa. Ta sauko, ta ɗora takarda a kan gwiwa, ta yi rubutu.

"Ranka ya daɗe, walda ta kama, launi ya dace, ga shaidu biyu. Ni na sa hannu."

Darakta ya dubi agogo, ya dubi 'yan kasuwar da suka zuba masa ido, ya karɓi biro. Motar ɗaga kaya ta ja da baya ta tafi fayau. Da Injiniya ta zo wucewa ta gaban dattijuwar, ta ɗan rusuna.

"Mama, a riƙa kula da ƙofa."

Taro ya watse. Uwar Biyu ta sauke mayafin, ta zaga gefen Ungozoma, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo. Mai Tagulla ya tsaya a bayanta da tsani a kafaɗa, yana jiran hukunci.

"Ka ƙara masa tsawo," in ji ta.

"Ko kaɗan. Haka yake."

Ba ta juyo ba, amma ya ga kunnenta ya motsa, yadda yake yi in tana ɓoye murmushi.

"To, duk Asabar ka zo da ruwa da tsumma. Ba zan zauna a gaban jama'a da kashin tsuntsu a hanci ba."