Sunan da Dada Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Masu Baƙin Sulke su arba'in ne, ba sa ƙaruwa, ba sa raguwa. A cikin duwatsun bayan Takur suke zaune. Da rana tsaka suke fitowa, su kora shanun mutane, su ƙona gero a gona, harsashi kuwa ba ya cin su. In ɗayansu ya mutu sai su zaɓi ƙaƙƙarfan namiji su cike gurbi. Mugun abin da tsinannun suka fi ƙwarewa a kai shi ne cin suna. Ranar da suka ɗauki mutum, sunansa zai goge daga bakin duk wanda ya taɓa furta shi, har a takarda. Wanda ba shi da suna kuwa, da me za a kira shi ya waiwayo?

Ranar kasuwar Jahun suka ɗauke ɗan Dada mai nono, yana sauke fasinja daga keke napep ɗinsa. Matarsa Mu'minatu, 'yar zamani mai kiran miji gatsal kamar ƙaninta, ta buɗe baki za ta kira shi, sai iska ta fito.

Dada ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ƙwarya, ta hau mota sai Dutse. Ofis uku ta shiga, ko'ina cewa ake ta faɗi sunan wanda ya ɓata. Sai ta sunkuyar da kai ta ce ɗan fari ne. Wani mai biro ya yi dariya, ta ce masa da uwarsa ta koya masa kunya da bai tambaya ba.

Daga nan ta nufi wurin Malam Ikrima, wanda ya raɗa wa ɗan suna shekara talatin da suka wuce. Shi ma ya laluba ya rasa. Sai ya dube ta.

"Dada, ke sunan yana nan?"

"Yana nan mana, Allah gafarta Malam. Ina zai je? Tun da na haife shi ban taɓa fitar da shi ba."

Malam ya ce ashe a baki suke cin suna, wanda bai taɓa hawa harshe ba bai shiga hannunsu ba. Sai dai fa ta faɗe shi da ƙarfi, a gabansu.

Washegari da hantsi ta hau dutsen, tana dogara sanda tana zage-zage. Suka fito su arba'in, fuska rufe da ƙarfe, tsayi ɗaya. Babbansu ya ce tsohuwa ta koma gida, nan babu ɗan kowa.

"Kai ma wata ce ta haife ka, marar mutunci. Matsa."

Ta tsaya a gabansu. Takubban ba su dame ta ba. Kunya ce ta shaƙe ta, a ce Bafulatana da furfurarta ta kira ɗan fari da suna a gaban maza. Harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa ta cikinsa.

"Bubayero."

Na goma sha bakwai a sahu ya saki takobi. Sulken ya zube daga jikinsa kamar ɓawon gyaɗa. Babbansu ya kai masa hannu, hannun ya ƙi kamawa, don ba su da iko a kan mai suna.

Labari ya riga su isa Jahun. Kafin sati, tsofaffi goma sha ɗaya daga Taura da rugagen kewaye sun hau dutsen, kowace da mayafi a fuska da suna a ciki. Arba'in ta koma ashirin da takwas, sun kuma kasa cikewa, don yanzu kowane gida ana ajiye mutum ɗaya da ba zai taɓa furta sunan jariri ba.

Mu'minatu ta roƙi Dada ta sake faɗa ko sau ɗaya ne, don daɗi. Dada ta harare ta, ta tura ƙwaryar fura gefe.

"Miƙa wa wancan. Ya rame."