Kiɗan Bakin Rijiya

Yaron ya dawo daga cin rani ana dab da ruwan shuka. Ɗan farina ne, don haka ba na kiran sunansa, ba ma zama tabarma ɗaya, abin da zan faɗa masa kuwa sai in faɗa wa ƙanwarsa Latifa ta kai. Haka na tarar ana yi a garinmu Tajaye, haka ubana ya yi da yayana. Su biyu suka tafi Aljeriya aikin gini, yaron da abokinsa Ayuba na ƙauyen da ke gabas da mu. Ayuba ya rasu can. Labarin ya zo ta waya tun da rani, aka yi sadaka aka watse. Yaron ya dawo shi kaɗai cikin motar waɗanda aka koro, ba jaka, ba waya.

Yana cin tuwo, yana salla, yana noma. Magana ce ba ya yi. Sai wani kiɗa da yake yi da hanci, bakinsa a rufe. Kiɗan yakan hau kaɗan kamar mai hawa tudu, ya tsaya, ya gangaro, ya koma daidai inda ya faro. Ba kalma ko ɗaya a ciki.

Da farko ban ɗauke shi komai ba. Ranar da muke noman farko ne ya saki hauya tsakiyar gero, ya je gindin gawo ya zauna yana kiɗan, idonsa a buɗe, tun hantsi har azahar. Latifa ta kai masa hura, bai gan ta ba. Bayan wannan ya yi shi a masallaci, ana sallamewa, mutane suna jan carbi. Har liman ya waiwayo.

Goggo Kaltume, ƙanwar mahaifina, ita ta fara magana. Uwarta 'yar bori ce kafin ta tuba, kuma Goggo ta tashi tana jin goge a tsakar gida.

"Mumuni, kana jin abin da Tijjani shike yi?"

"Waƙar zamani ce, Goggo."

"Waƙa da baki aka yin ta. Wanga take ne. Kowace iska da takenta, in anka goga mata sai ta zo. Kiɗan da ba shi da magana shina da mai shi, kuma mai shi ya biyo ɗanka daga daji."

Ta kai maganar wurin yayana Aliyu, wanda shi ne babba a gidanmu. Ya kira ni zaure, ya ce bayan Juma'a za a kai yaron wurin wani malami mai riƙe masu taɓin hankali. Na san gidan. Na taɓa raka wani maƙwabci, na ga samari zaune a inuwa da mari a ƙafa, ƙarfen ya ci musu idon sawu. Wasu suna warkewa, in ji mutane. Wanda muka kai ya dawo bayan shekara, ba ya kiɗa, ba ya komai.

Ban ce wa Yaya Aliyu e ba, ban ce a'a ba. Na sa Latifa ta tambayi yaron ko kiɗan mene ne. Ta dawo ta ce ya ce ba komai.

Mutum zai ce me ya hana ni tambayarsa da kaina. Tsakanin ɗakina da nasa bai fi a jefa tsakuwa ba. Amma tun da aka haife shi ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa tambayarsa abin da ke ransa ba, kuma ban san ta inda ake fara irin wannan magana ba. Tafiya Illela ta fi mini sauƙi.

Ranar kasuwar Illela na je na nemi wani tsohon mai goge da Goggo ta kwatanta mini. Ya bar sana'ar, yanzu igiya yake sayarwa kusa da masu awaki. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce to, in yi kiɗan ya ji. Sai a lokacin na gane na iya shi duka, ban kuwa taɓa koyonsa ba. Na rufe baki na yi, masu awaki suna kallona.

"Sake," in ji shi.

Na sake. Ya rufe ido, yatsunsa suna motsi a kan igiya.

"Ba na kowa ba ne cikin waɗanda na sani, kuma na san su da yawa. Wanga kiɗa ba shi numfashi. Mai goge hannunshi na gajiya, in ya zagayo sai ya ƙara ko ya rage. Naka kuwa shina komawa daidai sawunshi kamar jakin rijiya. Inji ne ya yi shi. Tahi Konni ka tambayi yaran zamani."

"To ba iska ba ce?"

"Ni ban ce ba. Na ce ba tamu ba ce."

Washegari na shiga motar Konni. Muka yi ta kauce wa manyan motocin siminti da ke fitowa daga Malbaza, ni kuwa kiɗan yana zagaya mini kai tare da ƙarar inji. A bakin tasha na fara da masu tura waƙoƙi a waya. Na farko ya ce na Indiya ne, ya kunna mini wasu, ba shi ba ne. Na biyu ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji dattijo yana kukan sauro. Maƙwabcin bai yi dariya ba. Ya ce kamar ya taɓa jin wannan a shagon Iliyasu mai gem.

Shagon rumfar kwano ce a bayan masu gyaran babur, da labule a ƙofa. Ciki akwai talabijin uku da benci. Na yi zaton yara zan tarar, sai na ga magidanta, 'yan kabu-kabu da suka ajiye baburansu suna jiran rana ta yi sanyi, kowa riƙe da abin dannawa da suke kira hannu. Iliyasu mutum ne mai ƙiba, da tawul a wuya. Na yi sallama, na gaya masa ina neman mai wani kiɗa.

"Yi mu ji, Baba."

Na rufe baki na fara. Ban kai inda kiɗan ke tsayawa ba wani ɗan kabu-kabu ya karɓa ba tare da ya juyo ba, na kusa da shi ya bi da fito, Iliyasu yana buga teburi da yatsa. Suka kai shi ƙarshe tare, suka koma farko.

"Kai, Baba, kai ma kana bugawa?" in ji ɗan kabu-kabun. "Wane mataki ka kai? Ko dodon gada ne ya hana ka wucewa?"

"Bar dattijo, Abdussamad," in ji Iliyasu. "Kai da ka shekara a gadar nan."

"Hannun da ka ba ni ne mai ciwo!"

"Hannunka dai."

Iliyasu ya ba ni wuri a benci, ya sauya wasan da ke talabijin ɗaya. Wani ɗan mutum ya fito riƙe da sanda, yana gudu cikin daji, abubuwa masu haƙora suna binsa. Kiɗan wurin mai sauri ne. Sai ɗan mutumin ya shige wata ƙofar gari. Gidaje kaɗan, bishiya ɗaya, rijiya a tsakiya. Kiɗan ya sauya. Shi ne, da hawansa da tsayawarsa da gangarowarsa, sai dai a nan da wani abu mai kama da sarewa ake yin sa.

"Nan garin ba abin da ka iya taɓa ka," in ji Iliyasu. "In ka shigo, ka tsira. In anka kashe ka a daji, nan za ka farka, bakin rijiya, ka sake tahiya."

"Shi ya sa ba ya fita kai?"

"Waƙar rediyo kunne kaɗai ka jin ta, Baba. Wanga kuwa kana jin shi hannunka na zuhwa, ka tsere da ƙyar. Sau nawa? Allah kaɗai ya sani. Jiki ne ka riƙe shi. Akwai masu zuwa nan su tsai da mutumin bakin rijiya, su ajiye hannun, su zamna kawai."

"Ni in na wuce shingen jandarma ba a tsai da ni ba, shi nike ji," in ji Abdussamad. Suka yi dariya.

Na tambaya ko wasan yana shiga waya. Iliyasu ya ce yana shiga manyan, masu shafawa. Ya ce in kawo tawa ya ɗaukar mini kiɗan. Na ce ya bari, yana nan tare da ni.

A mota na yi ta tunani. Abin da na samo bai isa in kai wa Yaya Aliyu ba. In na ce kiɗan wasa ne, zai ce to, mai hankali ne ke barin hauya ya zauna gindin gawo don kiɗan wasa? Kuma gaskiyarsa ne.

Ranar Alhamis da hantsi yaron ya sake sakin hauya ya tafi gindin gawo. Na yi noma na kai ƙarshen kunya. Na dubi gonar, ba kowa sai mu biyu. Na je na zauna ta ɗaya gefen bishiyar, bayana yana jingine da ita, yadda ba za mu haɗa ido ba. Yana kiɗan. Da ya zo inda yake tsayawa, na karɓa na gangaro da shi.

Ya daina kiɗan.

"Na ga rijiyar," na ce wa geron da ke gabana. "Da bishiyar. A Konni."

Da ya fara magana, shi ma geron yake gaya wa.

"Waya ɗaya gare mu, Baba. Ranar Juma'a ba aiki, sai mu yi ta karɓa-karɓa. Ni ina son faɗan. Ayuba bai iya ba, ko yaushe sai a kashe shi. In na ba shi sai ya kai mutumin bakin rijiya ya tsai da shi, ya ce bari ya huta, shi ma ɗan cin rani ne." Ya tsinke wata ciyawa. "Da zazzaɓi ya kama shi, ba mu da takardun zuwa asibiti. In zan tahi aiki sai ya ce in bar mishi ita a garin. Rannan na dawo da la'asar, ta kusa cinye caji, tana yi. Shi ya riga ya tahi."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ya ce amin.

"Ni na wanke shi, da wasu mutanen Mali. Mun yi mishi salla. Na san inda shike." Muryarsa ba ta sauya ba. "Inna Mariama na jirana. Na sani. Kullum in na ɗauki hanyar sai in ji kiɗan, sai in zamna."

Inna Mariama uwar Ayuba ce. A wurinmu, wanda ya ga rasuwar mutum a nesa shi ke zuwa ya durƙusa gaban iyaye, ya faɗi yadda ya cika, da wanda ya wanke shi, da inda aka sa shi. Kafin a yi haka, uwa ba ta gama kuka. Dukanmu mun san wannan, ni da Goggo da Yaya Aliyu, amma ba wanda ya lura yaron bai je ba. Kiɗan muke saurare.

Bayan sallar Juma'a Yaya Aliyu ya sa aka ɗaura wa jaki amalanke, Goggo ta fito da ƙullin kayan yaron. Na ce a sauke kayan, amalanken dai muna so.

"Ina za ku?" in ji Yaya Aliyu.

"Gaisuwa. Gidan su Ayuba."

"Malam fa?"

"In mun dawo, Yaya, ka dube shi da kanka. In ka ce a kai shi, ni zan riƙe igiyar jakin."

Goggo ta matso, na gaya mata a taƙaice abin da na gani a Konni da abin da yaron ya faɗa. Ba ta fahimci zancen ɗan mutum mai sanda ba, ba ta kuma nemi fahimta ba.

"To mi na ce maka? Na ce shina da mai shi." Ta kwance ƙullin, ta ciro rigarsa mai kyau ta miƙa wa Latifa. "Ba shi ya sa. Ba a zuwa gaban uwar mamaci da rigar gona."

Muka kama hanyar gabas, ni a gaba da igiya, shi a baya. Inda hanya ta rabu ya fara kiɗan a hankali. Ban tsai da jakin ba, shi ma bai ce in tsaya ba. Da rumbunan ƙauyen suka bayyana ya yi shiru.

Inna Mariama tana tsakar gida tana sussuka. Ta gan shi, ta ajiye taɓarya, ta shiga ɗaki ta fito da tabarma. Ya cire takalmi ya durƙusa. Ni na koma zaure wurin maza, don maganar ba tawa ba ce. Daga can ina jin muryarsa, ba na jin kalmomin. Ya daɗe yana magana, har aka kira la'asar bai gama ba.