Kwalar Rigar Direba

Tela ya zagaya da tef ɗin awo a wuyan Direba, sai ya janye hannu. Kumburin ya cika gefen hagu, ga tabon tiyata a ƙasansa, numfashin mutumin kuma sai fito yake yi kamar butar shayi. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, bai taɓa sanin zai ji tsoron taɓa maƙwabcinsa ba.

"Auna mana, ba ya cizo," in ji Direba da 'yar muryar da ta rage masa.

Da farko kowa maƙoƙo ya ɗauka, har matarsa tana tsokanarsa wai ƙiba ce ta rasa wurin zama. Sai da aka yanka aka gwada, likita ya ce ciwon daji ne a 'yar tsokar nan ta gaban maƙogwaro, kuma irin wanda ba kasafai ake gani ba. Daga ƙwayoyin da ake fara halittar mutum da su yake tasowa, galibi a wuyan jarirai ake samun irinsa, a can ma bai cika zama mugu ba. A babba kuwa ba ya wasa. Direba ya dawo gida yana dariya, wai da furfurarsa ya je ya ɗauko ciwon jarirai. An cire, an yi magani har gashinsa ya zube, abin ya dawo.

Yanzu buƙatarsa ɗaya ce: rigar da kwalarta za ta rufe wuyan. Autarsa za ta gama makarantar jinya ranar Asabar, za a ɗauki hoto, shi kuwa duk shekarun da ya yi yana tuƙa bas bai taɓa fita da kwala a buɗe ba.

"Wannan hoton za ta riƙe bayana," ya ce. "Ni nake so ta riƙa gani, ba ciwon ba."

To, faɗi da baki ba wuya. Tela ya yanka kwala mai faɗi, ta zauna kamar bakin bokiti. Ya rage ta, da aka ɓalla maɓallin sai idon Direba ya yi ja, matarsa ta yi salati. Haushi ya kama Tela, ya yi jifa da almakashi, ya zagi yadin, ya zagi keken ɗinkin da bai san hawa ba balle sauka. Da ya huce sai ya cire yadin taurin da ke cikin kwalar, ya ɗaga ta sama, ya ɗinke maɓallin a waje don ado kawai, ya ɓoye siririyar roba a bayansa. In mutum ya ja numfashi ta saki, in ya sauke ta koma.

Ranar Asabar Direba ya fito tsaf, ya tsaya a ƙofar shagon. Ya kama hannun Tela ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Wallahi Tela ya ji daɗin da bai taɓa ji a sana'ar nan ba, ya gode wa Allah da ya sa aikin ya faɗo hannunsa.

Direba bai kai ƙarshen wata ba. Da hantsi ya cika, a ɗakinsa, matarsa na gefe.

Bayan an kwana biyu Auta ta shigo shagon, ta gaishe shi, ta miƙa masa hoto.

"Kawu, naka ne. Baba ya ce in wanke biyu."

Ga Direba nan a tsaye, ya dafa kafaɗarta, yana wannan murmushin nasa na gefen baki. Tela ya daɗe yana kallo, ya share ido da guntun yadi, ya yi mata addu'a. Sai da ta fita ya lura ko kwalar bai duba ba. Ya jingina hoton a jikin gwangwanin maɓallai, ya ɗora ƙafa a kan keken, bai taka ba.